Jar Giyar Spaniya da Yajin Batula

Bron, Litinin

Ƙanwata Batula,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Alhaji Moutari da yara. Yaya ciwon ƙafar, da sanyin Sevran?

Yajin da kika aiko ya iso, na gode, sai dai ya jawo mini magana. Kin san tun da aka rufe ɗakin gwajinmu a Saint-Fons, ni da na karanta ilimin sinadarai, faranti nake ɗauka a gidan abincin Madam Pilar. Idan baƙo ya tambayi giyar da za ta dace da abincinsa, ni ake kira. Ban taɓa sa ko ɗigo a bakina ba. Da hanci nake aiki, kuma ba wanda ya taɓa tambaya.

An kawo mana wata jar giya ta Spaniya, haɗin inabi biyu, tempranillo da garnacha. Dillalin giyar ya ce ta dace da gasasshen rago da tsohon cuku. Da na sunsuna sai na ji hayaƙin itace da masoro, kamar na tsaya kusa da mai tsire a Tahoua. Na lallashi Madam a barbaɗa yajinki a kan ragon Asabar, a ba da shi da giyar nan. Ta yarda, har ta rubuta sunana a allon ƙofa. Na ji daɗi, tsofai-tsofai da ni.

Faranti suka riƙa dawowa da nama a ciki. Ashe barkono da wannan giya ba sa shiri: yana ƙara mata zafi, baurinta kuma ya ɗaure harshe. Duk mai sha ya san haka. Hanci ne bai sani ba.

Madam ta gane ba na ɗanɗanawa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ranar Alhamis za mu je Paris wurin dillalin, inda ma'aikata ke ɗanɗanawa su tofar a bokiti. A wurinta wannan kurkure baki ne kawai. In ban yi ba, za ta nemi wani.

Kada ki gaya wa Alhaji.

Yayanki,
Hassoumi

Bron, Laraba

Batula,

Bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Saƙonki ya same ni, kuma na ga kin gaya masa.

Na gode masa da tayin jera kwali a shagonsa. Shi da ya gudu daga lakkol lokacin da nake karɓar kyautar farko a aji. Ya ce na yi shekaru ina ɗaukar kwalbar, to me ya rage? Ki ce masa bakina ne ya rage. Takardun karatuna suna ƙarƙashin gado, aikin da na koya ya tafi, matata ta koma gida. Wannan kaɗai ban ba ƙasar nan ba tukuna.

Amma wa zai ɗauki mai furfura irina a nan Lyon? Ɗazu na gwada da ruwan bisap, wato zoɓo, a gaban madubi, na kurkura na tofar. Abin ba wuya. Shi ne ya fi tsorata ni.

Ki sa ni a addu'a.

Hassoumi

Bron, Juma'a

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaida Alhaji da kyau. Yaya ƙafar?

Mun je. Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, dogon tebur, kowa da kofinsa da bokitinsa. Dillalin ya zuba mini da hannunsa. Yaran da na isa in haife su suna ta kurkura suna tofarwa suna dariya. Na ɗaga kofin har gefensa ya taɓa leɓena, Madam tana kallona. Sai na ajiye.

A jirgin dawowa Madam ta zauna a wani tarago. Yau da safe na tarar an goge allon, mai dafa abinci ya miƙo mini sauran yajinki a leda.

Kada ki yabe ni, ban san ko tsoron Allah ne ko taurin kai ba. Abin da ke ba ni haushi, da kofin ya zo kusa, tsiren Tahoua na sake ji. Har yanzu hancina bai yarda ya yi kuskure ba.

Ki gaya wa Alhaji na karɓi aikin kwalin. Zan iso Lahadi. Ki sa yaji da yawa a miyar.

Yayanki,
Hassoumi