Ni Na Koya Masa Babur

Lahadi, 1 ga Satumba

Ni Auta zai tsaya jira a gidan mai? Ni?

Bari in rubuta ko zuciyata ta sauka. Mun fita yawon Lahadi kamar kullum, mu bakwai, hanyar duwatsu. Ƙanena Auta ya zo da sabon babur ɗinsa mai ƙaton inji, cc dubu, ja, sai gurnani yake. Ni ina kan ɗari shida da hamsin ɗina da na shekara shida ina hawa. Muna shiga kwana ta farko suka ɓace mini. Ko da na isa gidan man da muke tsayawa, duk sun cire hular kwano, abokinmu Lauya har ya sha rabin robar ruwa. Auta ya ɗaga hannu ya duba agogo. Agogo! Wai, "Yaya, har mun fara shawarar a koma a dubo ka." Aka kwashe da dariya. Lauya ya ce daga yau sunana Baba Sannu.

Yaron da na koya wa sakin kuloci a filin bayan gidanmu. Yana da shekara sha biyar, ya ƙona ƙafa a salansa, ni na goya shi zuwa kemis yana kuka. Yanzu don ya yi gemu ya haifi 'ya ɗaya.

Ba laifina ba ne. Injinsa ya kusa ninka nawa. A ba ni irin nasa a gani.

Litinin, 2 ga Satumba

An sa mini Baba Sannu a rukunin waya. Da hoton kunkuru. Na fita, Lauya ya sake sa ni.

Laraba, 4 ga Satumba

Da na tashi aiki a asibiti na biya shagon Dila mai sayar da babura. Cewa na yi kallo kawai zan yi. Akwai guda ɗaya baƙi, cc dubu, bai yi tafiya sosai ba. Na hau a tsaye. Yatsun ƙafata ne kawai ke taɓa ƙasa, amma Dila ya ce kowa haka yake farawa, kuma ana iya rage kujera. Ya ce in kawo nawa ya duba, in yi ciko in tafi da wannan. "Yallaɓai, mutum irinka ya wuce hawa babur ɗin 'yan koyo."

Na san zaƙin bakin ciniki ne. Amma ai gaskiya ya faɗa.

Da yamma na gaya wa Maman yara. Tana duba takardun ɗalibanta a tebur, ko kai ba ta ɗago ba. Ta ce, "To." To kawai! Da ta yi faɗa da na san abin da zan ce, har na shirya amsoshi a hanya. Na ce ba ki da abin cewa? Ta ce, "Baban yara, kai ne kake ɗaukar hoton ƙasusuwan mutane daga safe zuwa yamma. Me zan gaya maka?" Ta ci gaba da aiki da jan bironta.

Wannan ba amsa ba ce. Zagi ne da ladabi.

Asabar, 7 ga Satumba

Na kai babur wurin Dogo bakanike a gyara sarƙa a canza mai, don ya yi kyau kafin Dila ya gani. Na gaya masa shirina. Na zaci zai yi murna. Sai ya tsuguna, ya shafa tayar baya, ya kira ni. Tsakiyar tayar ta cinye, gefenta biyu kuwa sabo fil, har 'yan gashin robar nan suna nan. Ya ce, "Oga, ka ga nan? Shekara biyu da na sa maka tayar nan, gefenta bai taɓa gaisawa da kwalta ba. Ba ka kwantar da shi a kwana. Wannan ma ba ka cinye rabinsa ba, me za ka yi da dubu?"

A gaban mutane ya faɗa. Wani mai tasi da ya zo shan iskar taya har da leƙowa.

Shekara shida ina kawo masa aiki. Ni na kawo masa Lauya, ni na kawo masa Auta. Na ce masa sarƙa na kawo, ban kawo kaina a duba ba. Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri," yana murmushi. Murmushin ne ma ya fi ƙona mini rai.

Lahadi, 8 ga Satumba

Ban fita ba. Na ce musu ina da aiki. Na wanke babur sau biyu.

Talata, 10 ga Satumba

Dila ya duba nawa yau. Na yi nadamar tsayawa in kalla. Ya zagaya shi yana taɓe baki, ya danna kujera, ya ƙwanƙwasa tanki da makulli. Wai fenti ya koɗe. Wai irinsu sun cika kasuwa. Ya nuna karcewar da ke gefen tanki ya ce faɗuwa ce. Ba faɗuwa ba ce! Keken 'yata ne ya goge shi a gareji, ta yi kwana biyu tana ɓoye mini. Babur ɗin nan bai taɓa kai ni ƙasa ba, bai taɓa ƙin tashi da safe ba, ko ranar da aka kira ni asibiti cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Shi kuma yana ta kiransa "ɗan abin nan".

Na kusa ɗaukar hulata in tafi. Sai ya ce in ɗauki baƙin ranar Asabar in riƙe zuwa Litinin, in gwada son raina, nawa ya kwana wurinsa. Na ce nawa ba ya kwana a ko'ina sai gidana. Ya yarda in bar katin aikina.

Alhamis, 12 ga Satumba

Aiki. An kawo wani ɗan shekara ashirin da wani abu, hatsarin babur ne, kwana ta ƙwace masa. Ƙashin cinya gida uku. Ina gyara masa kwanciya a kan tebur yana tambayata ko babur ɗin zai gyaru. Na ce ban sani ba, ka riƙe numfashi.

Irinsu nawa na gani? Na daina ƙirgawa. Kusan duk a kwana.

Wannan ba shi da alaƙa da maganar. Na rubuta ne kawai.

Asabar, 14 ga Satumba

Na ɗauko shi.

Kai! Ka taɓa totur kaɗan ya yi kamar zai fice daga ƙarƙashinka. A giya ta biyu na kai gudun da nake kaiwa a ta huɗu a nawa. A danjar kasuwa ya mutu mini sau biyu, masu mota suna ta hon, wani yana ihu wai Baba a mayar wa yara abinsu. Zafin inji ya gasa mini cinya. Wuyan hannuna na ciwo saboda kifewar da ake yi a kansa.

Amma da na shigo layinmu kowa ya juyo. Mai shagon kusurwa har ya fito waje.

Maman yara ta leƙo ta taga, ta ce, "Ya yi kyau." Na ce ki zo in zagaya da ke. Ta kalli ɗan tudun da aka kira kujerar baya, ta ce, "A ina zan zauna?" Ta koma ciki.

Auta ya kira. Nasa yana wurin Dogo, ana jiran wani abu na birki, ko zan ara masa nawa gobe tunda ina da biyu? Na ce ya zo ya ɗauka. Har daɗi na ji. Bari ya ɗanɗana zaman baya, ya ji yadda ake ji.

Lahadi, 15 ga Satumba

Ban san ta ina zan fara ba.

A miƙaƙƙiyar hanya na wuce su duka. Duka! Na ga Lauya ya zama ɗigo a madubi. Na yi ihu cikin hula ni kaɗai. Minti biyar, ƙila shida.

Sai duwatsu. Kwana ta farko na taka birki kamar yadda na saba, har fiye, don abin nauyi gare shi kuma ba ya son juyawa. Ina cikin lallaɓa shi sai na ji ƙarar da na sani kamar muryar ɗana. Babur ɗina. Auta ya bi ta gefena a kwance, gwiwarsa ta kusa shafar kwalta, ya shige ya fita kamar ruwa a kwata. Ko fitilar birki ban ga ta kama ba. A kan babur ɗina! Da tayar da Dogo ya gama zagi!

Sannan Lauya ya wuce. Sannan sauran, ɗaya bayan ɗaya.

A wata kwana mai kaifi na tsorata, na damƙe birkin gaba, babur ya miƙe ya nufi ƙarfen gefen hanya. Na tsaya tayata na kan tsakuwa. Taku biyu ya rage. A ƙasa rami ne. Ba wanda ya gani. Na kashe inji na zauna. Hoton cinyar yaron nan kawai nake gani.

Na isa gidan mai na ƙarshe. A kan cc dubu. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Lauya ya miƙo mini ruwa yana kallon wani wuri.

Auta kuwa sai shafa tankin babur ɗina yake. "Yaya, wannan abin zinariya ne. Ka san abin da kake da shi kuwa?"

Ya ci mini mutunci da abina, kuma yana yabo.

Litinin, 16 ga Satumba

Na mayar wa Dila. Ya ce yaya? Na ce lafiya lau, zan yi shawara. Ya ce akwai wani da ke so, kar in wuce Juma'a. Kullum akwai wani.

Alhamis, 19 ga Satumba

Auta ya zo gida bayan ya tashi aiki, ya gaida Maman yara, ya ce yana son magana da ni a gareji. Na zaci haƙuri zai ba ni. Ina!

Wai mu yi musaya. Ya ba ni jansa, in ba shi nawa, ba ciko ba komai. Na ce raini ne ko me? Ya rantse ba raini ba ne. Ya zauna a kan bokitin fenti yana wasa da makulli. Wai tun da ya saya bai ji daɗinsa ba ko rana ɗaya. A gari wahala, a hanya kuma kullum ji yake abin yana jiran ya yi kuskure. Matarsa ta daina yi masa magana ranar Lahadi. Ya ce ranar da ya hau nawa ne ya tuna dalilin da ya sa yake son babur.

Na ce to me ya sa ka saya? Ya ce, "Na gaji da zama ƙanin Yaya a cikin mutanen nan. Ko me na yi sai a ce ai kai ka koya mini."

To ƙarya aka yi? Ni na koya masa!

Ga abin da nake nema an kawo mini har gareji, kyauta. Sai na ji bakina ya ce a'a. Na ce ba na ba da babur ɗina ga wanda zai je ya karya mini shi a duwatsu. Ya ce, "Yaya, to ka riƙe. Amma in faɗi wani abu, kar ka yi fushi?" Na ce na riga na yi, faɗi. Ya ce ya bi bayana sau da yawa. Wai in na shiga kwana, ƙarfen gefen hanya nake kallo, ba inda hanyar ta nufa ba. Wai inda ido ya je, can babur ke zuwa.

Maganata ce! Ni na gaya masa wannan a filin bayan gida, da bakina, shekara goma sha shida da suka wuce. Na ce masa haka. Ya ce, "Na sani. Shi ya sa nake mamaki."

Na ce ya tashi ya tafi gida, iyalinsa na jira. Da zai fita Maman yara ta cika masa leda da lemo, har tana raka shi ƙofa suna ƙus-ƙus. Gidan nan kowa ya haɗe mini kai.

Juma'a, 20 ga Satumba

Dila ya kira sau uku. Ina ɗakin hoto, ba a shiga da waya.

Asabar, 28 ga Satumba

Da sassafe mun je filin ajiye motoci na tsohuwar masana'anta, ni da Auta. Shi ya matsa. Na je ne don kar ya ce na riƙe shi a zuciya, ba don komai ba.

Ya jera robobin ruwa guda takwas a ƙasa, ya ce in zagaya su. Ni, da furfurata, ina zagaya robobi. Na take uku a zagayen farko. Ya tsaya daga can ƙarshen fili ya ɗaga hannu, ya ce kar in kalli roba, in kalle shi. Na ce na gaji da kallon fuskarka tun kana cikin zani. Ya ce, "Ƙara dai, Yaya."

A zagaye na tara ko na goma wani abu ya faru. Babur ya kwanta da kansa, ni dai ina kallon hannun Auta, sai ga ni na fito ta ɗaya gefen, ban taɓa birki ba. Na ji wani irin daɗi, irin na ranar da na fara hawa. Auta ya yi tsalle yana tafi kamar wani ƙaramin yaro. Na ce ya daina, mutane na wucewa.

Ba koya mini yake ba, a gane. Tuna mini kawai yake da abin da na koya masa.

Ya ce Asabar mai zuwa ƙarfe bakwai. Na ce sai na duba ko ina da aiki.

Na duba. Akwai. Na roƙi abokin aikina mun yi canji.