Bangon da Abba Yake Karantawa

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Yaya Murja ta zo daga Kano da wata baƙar jaka. Majigi ne a ciki. Ita furojekta take ce masa, Abba ya ce shi majigi ya sani tun yana yaro. Tsohon nata ne, wanda take zagawa da shi ƙauyuka su Utai da Lajawa tana nuna wa mata yadda ake kula da jarirai.

Saboda idon Abba ta kawo. Tun da ciwon suga ya taɓa masa ido ba ya iya karanta takarda, ko da tabarau. Ga ɗalibansa na jami'a suna ta turo ayyukan kammala karatu, sai ya duba. Da Umma ce take karanta masa. Bayan rasuwarta na gwada, muryata ba ta fita, ya ce in bar shi kawai.

Mun cire agogon bango. Ta ɗora abin a kan teburin cin abinci, ta jona da kwamfutar Abba, sai ga rubutu a bango, kowane harafi kamar tafin hannuna. Abba ya karanta layi ɗaya a fili.

Dokoki ta yi ta jero min, wai ni ce mai kula da shi. Kada in leƙa idonsa yana kunne. Kada in jingina shi da bango ko in ɗora masa wani abu, ramukan gefensa da su yake numfashi. In na kashe, in jira fankar ciki ta tsaya kafin in zare waya. A jona shi ta sitabilaiza kullum. Akwai wata maganar soso a gefe da ake cirewa. Ina ta gyaɗa kai. Rabi na ji.

Da za ta tafi ta riƙe fuskata ta ce, "Khaulat, kina cin abinci kuwa?" Na ce e.

Talata, 8 ga Yuli

Bayan la'asar nake sauke labule in kunna. Abba a kujerarsa, ni a ƙasa kusa da kwamfuta. In ya gama shafi sai ya ɗaga yatsa, in danna na gaba. Haka har a kira magariba.

Ba ma magana. Fankar ce kaɗai take yi.

Juma'a, 11 ga Yuli

Ranar kasuwa. Motocin shanu tun safe suna ta wucewa ta gada. Ba na jin komai game da su, na dai rubuta.

Lahadi, 13 ga Yuli

Ruwa jiya da yau. Falo ya ɗauki warin danshi, ga labule a sauke kullum. Na buɗe durowar Umma na ɗauko kwalbar turaren wutarta, wanda take haɗawa da kanta. Ba a taɓa shi ba tun ranar. Na sa garwashi a kasko na ajiye ƙarƙashin teburin, don kada Abba ya yi tuntuɓe da shi.

Hayaƙin yana bi ta cikin hasken majigin, yana murɗewa a hankali kamar ana kaɗa fura. Na daɗe ina kallo.

Abba ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa. Na zaci zai ce in fitar. Ya zauna, ya ɗaga yatsa.

Laraba, 16 ga Yuli

Kullum yanzu ina sa turaren. Bai ce in sa ba, bai ce in bari ba. Amma jiya da garwashi ya ƙi kamawa na makara, sai na tarar ya zauna yana jira, bai ce in kunna majigin ba sai da hayaƙi ya tashi.

Asabar, 19 ga Yuli

Safiya ƙawata ta turo min sabon littafi a waya. Na soyayya, dogo. Da a kwana ɗaya zan cinye shi. Yanzu ina karanta shafi in kai ƙarshe ban san me ya faru ba. Jarumin ya tafi karatu ƙasar waje, yarinyar tana kuka a bakin taga. Ina kallon kukan nata kamar ana wanke-wanke a gidan maƙwabta.

Da nakan kwanta in ƙirƙiro wa kaina irin wannan labarin, har da kalar motar da sunan yaranmu. Na gwada yau. Mutumin ya ƙi yin fuska.

Alhamis, 24 ga Yuli

Abin kunya.

Na kwafe littafin a kwamfutar Abba don wayata ta cika. Yau na zo buɗe aikin wani ɗalibi, na danna wanda ba shi ba. Sai ga shi a bango, manya-manyan haruffa, jarumin yana rubuto mata daga ƙasar waje cewa ita ce numfashinsa. Kafin in rufe, Abba ya karanta, na ga leɓensa yana motsi har ƙasan shafin.

Ya ce, "Wannan ɗalibin a wane sashe yake?"

Na rufe. Ban ɗago ba har magariba. Ina jin wasa ya yi. Ban tabbata ba, na manta yadda wasansa yake.

Litinin, 28 ga Yuli

An ɗauke wuta ana tsakiyar karatu, fankar ba ta samu ta sanyaya majigin ba. Na taɓa samansa, zafi kamar murfin tukunya. Ban motsa shi ba sai da ya yi sanyi, haka Yaya ta ce.

Asabar, 9 ga Agusta

Ban yi rubutu ba kwana biyu. Babu abin rubutawa.

Abba ya ce in ƙara girman rubutun. Na ƙara.

Laraba, 13 ga Agusta

Ya matso da kujerarsa gaba. Yatsan yana daɗewa bai ɗagu ba.

Lahadi, 17 ga Agusta

Majigin ya kashe kansa yau, wata jar fitila tana ƙiftawa a samansa. Na jira ya huce na sake kunnawa, ya kama. Fankar ta ƙara ƙara, kamar mai mura.

Abba ya ce in bari haka nan, ya gaji. Ko rabin babi ba mu yi ba.

Talata, 19 ga Agusta

Bai zo falo ba. Turaren ya ƙone shi kaɗai.

Alhamis, 21 ga Agusta

Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji shi a waya da Baffa Inuwa, yayansa na Dagumawa. Bai san ina kusa da taga ba.

Ya ce hasken idonsa ya fara tafiya. Likita dama ya faɗa masa zai iya zuwa a hankali, to ga shi ya zo. Ko rubutun bango yanzu kamar ta cikin ruwan kogi yake ganinsa. Zai mayar wa sashe da ɗaliban a raba wa wasu, ya ajiye aikin. Ya ce Baffa ya sa a gyara masa ɗakin nan na kusa da rumbu, can zai koma. Ni kuma in koma wurin Murja a Kano. Ya ce kada a faɗa wa yaran tukuna.

Na ci gaba da tsince shinkafar. Na gama, na wanke, na ɗora. Ya kamata in ji wani abu. Gidan nan, ɗakin Umma, bishiyar lemon da ta shuka. Na tsaya ina jira in ji, kamar mai jiran a kawo wuta.

Juma'a, 22 ga Agusta

Da hantsi na shiga falo ni kaɗai na kunna, don dai in ga abin da ya gagare shi.

Farin shafin ba fari ba ne. Ya koma kalar koko. Baƙin rubutun ya yi toka-toka, gefen haruffan ya jiƙe. Sai na tuna ni ma kwanakin nan ina ƙanƙance ido in zan duba lambar shafi. Na ga hakan tuntuni. Ban dai ɗauke shi a matsayin abin da ake faɗa ba. Komai ma haka yake min dishi-dishi tun rasuwar, na zaci bangon ma cikinsu ne.

Shi yana zaune yana ganin duhu yana cewa idonsa ne. Ni ina zaune a ƙasansa ina ganin duhun ina shiru.

Asabar, 23 ga Agusta

Na kai masa shayi. Na tsaya. Na fito.

Lahadi, 24 ga Agusta

Na faɗa. Bayan azahar, yana kan darduma.

Na ce, "Abba, bangon ne ya yi duhu. Ni ma haka nake ganinsa."

Ya juyo. Ya gane na ji wayar, bai yi faɗa ba. Ya ce Allah ya yi min albarka, amma kada in fara irin na Ummana. Ita ma in ya kasa karanta abu sai ta ce ai masu buga littafin ne suka yi rowar tawada. Ya ce ya san idonsa.

Magana biyu na tanada kuma sun ƙare.

Litinin, 25 ga Agusta

Na kira Yaya Murja ta bidiyo lokacin da ya tafi masallaci. Ban faɗa mata zancen Dagumawa ba, na ce majigi ne yake duhu yana kashe kansa. Tambayar farko, yaushe rabon da in cire soson. Na ce wane soso. Ta ce, "Innalillahi, Khaulat. Kina can duniyar masoya ina magana."

Ta sa na zare wayar majigin daga bango, na tabbatar ya huce sarai. A gefe akwai ɗan murfi, na tura da babban yatsa ya fita. Soson da ke tace iska ne a ciki. Ta ce asalinsa ruwan toka ne mai haske. Wannan ya zama ruwan ƙasa, yana danƙo, ƙura ta manne a kai kamar gashi. Ta ce wannan ba ƙura kaɗai ba ce, girki muke yi a falon ko me?

Na kai soson hancina.

Umma ce. Gaba ɗaya. Kamar ta wuce yanzu da mayafinta.

Na juya wayar na nuna mata kaskon a ƙarƙashin tebur, daidai inda majigin yake jan iska. Ta gane kwalbar. Ina jin yaranta suna faɗa a bayanta. Can ta ce, a hankali, hayaƙin turare mai ne da shi. Yana toshe soso, ya kwanta a gilashi, ya shiga har ciki. In an ci gaba ƙwan fitilarsa zai ƙone. Ta ce ko dai turaren ko majigin, ba za su zauna ɗaki ɗaya ba.

Na kaɗe soson a waje, na bi shi da tsohon buroshi mai laushi. Gilashin gaba ta hana ni taɓawa da yatsa ko bakin zani. Na ɗauko ƙyallen goge tabaran Abba, na bi shi a hankali daga tsakiya ina zagayawa. Ƙyallen ya fito rawaya. Na ciki kuwa ta ce kada in kuskura in kwance, sai ta zo da mai gyara da sabon soso.

Na fitar da kaskon. Na buɗe tagogi.

Talata, 26 ga Agusta

Bayan la'asar na je ƙofar ɗakinsa na ce ya zo ya duba min wani abu. Ya ce Khaulat. Na ce don Allah. Ban taɓa maimaita masa roƙo ba, ina jin shi ya sa ya taso.

Ya shigo, ya ja numfashi, ya ji babu ƙamshin turaren. Ya kalli ƙarƙashin teburin. Na miƙa masa ƙyallen na ce daga idon majigin na goge wannan. Ya sansana. Ya riƙe shi a hannu.

Na mayar da kujerarsa baya inda take a farko. Na mayar da rubutun girman da Yaya ta sa ranar da ta kawo. Na kunna.

Bai kai hasken ranar farko ba, amma fari ya dawo fari.

Ina kallon hannunsa. Ban kalli bangon ba sam. Fanka tana ta yi. Sai yatsan ya ɗagu.

Na danna. Ya sake ɗaguwa. A shafi na gaba ya ce, "Ji yaron nan, ya kawo sunan marubuci bai sa shekara ba." A can ƙasa ne, cikin ƙananan rubutu.

Da aka kira magariba bai tashi nan da nan ba. Ya ce idon dai ba lafiya gare shi ba, kada in ɗauka ya warke. Na ce na sani. Ya ce, "Ashe ba rarrashina kike yi ba." Ya ninke ƙyallen ya sa a aljihun gaba. Na kashe, muka zauna tare har fankar ta tsaya.

Alhamis, 28 ga Agusta

Na ji shi yana ce wa Baffa Inuwa a bar ɗakin nan, a zuba gyaɗa in an cire.

Asabar, 30 ga Agusta

Yaya ta zo da mai gyara, ya buɗe ya share cikin, aka sa sabon soso. Ta ɗinko wa majigin riga ta atamfa, a rufe shi in ya huce. Duk Juma'a zan riƙa cire soson. Ta sa na maimaita dokokin a gabanta kamar hadda. Tsohon soson ta ce in jefar. Yana cikin durowata.

Laraba, 3 ga Satumba

A tsakar gida nake sa turaren yanzu, gindin lemo, bayan an kashe majigi an rufe falo. Iska tana kwashe shi da wuri. Abba ya fito da kujera ya zauna kafin a yi kira. Kwalbar ta kusa rabi. Ya ce Inna Ladi ta bayan gida ta san haɗin, tare suke yi da Umma, in ina so in je ta koya min. Wataƙila Asabar.

Da zai tashi ya ce, wai shi ɗalibin nan mai numfashi, ya dawo daga ƙasar wajen kuwa?

Na ce ban kai wurin ba.

Na kai yanzu. Ya dawo, kuma sakaryar ta ƙi fitowa ta gan shi, tana ɗaki tana jan aji, mutum ya taho tun daga wata duniya. Har na jefar da wayar kan katifa don haushi.

Ba wani abu ba ne. Littafi ne kawai.

Bari in duba ko akwai sauran shinkafa a tukunya.