Batirin Inna Ba Na Unguwa Ba Ne

Talladjé, Yamai

Zuwa ga ƙanena Abdoulkarim,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zulaiha da jaririya. Allah Ya raya ta bisa tafarkin addini, Ya ba mai jego lafiya da ruwan nono, Ya sassauta muku sanyin Kanada. Mu nan lafiya lau muke, sai zafi, wanda ka sani, ko da yake ina jin ka fara mantawa da shi. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, amma tana cin abinci, kuma bakinta bai mutu ba. Mai gidana Amadou ya tafi Maraɗi da kaya, yara suna zuwa lakwal wajen karatun boko, ɗiyata Rahama kuma ta fara koyon ɗinki, ta riga ta lalata mini zane guda.

Takarda na rubuto na ba Malam Isaka da zai koma wajenku, don na lura saƙon muryar da nake aika maka ba ka buɗewa. Naka kuwa na buɗe, na saurara har ƙarshe, kuma na gode wa Allah da ni kaɗai na ji shi. Ka ce mun kunyata ka gaban surukanka ranar suna. Ka ce ka saya mana na'ura mai kyau mun kasa riƙe ta ko na wuni ɗaya. Ka ce a gidanmu ba a ɗauki haihuwarka a bakin komai ba. Wannan ta ƙarshen ita ce ta ƙona mini rai, Abdou, kuma yanzu haka da nake rubutu raina a ɓace yake. Tun da ka ƙi ji da kunne, sai ka karanta da ido.

Ka tuna lokacin da ka ce kana so Inna ta kalli sunan ta bidiyo, na gaya maka kuran, wato wutar lantarki, ba ya zama a unguwarmu da bazara, na ce a nemi ɗan ƙaramin batiri wanda zai riƙe akwatin wifi kaɗai. Ka yi dariya, ka ce in bar maka harkar na'ura, ni in ji da tukunya. Sai ga abokinka Bashir ya sauke mana wani ƙaton abu baƙi da kuke kira ondilar, nauyinsa kamar dutsen niƙa, bayansa duk ramukan sa wuta. Ya haɗa shi da akwatin wifi, ya sha ruwan sanyi, ya tafi. Abin da ku biyu ba ku lissafa ba shi ne wannan na'ura tana da baki. Da zarar an ɗauke wuta sai ta kama kuka, ƙit, ƙit, ba ta fasawa, har ana jin ta bayan katanga. Kafin mako ya zagayo duk layinmu an san cewa gidan Inna akwai wuta ko babu kuran.

To, ka san uwar da ta haife ka. Matar da tun muna Maraɗi ba a taɓa shigo mata da kwano aka fita da shi wayam ba, ita kake tsammanin za ta dubi maƙwabciya ta ce ba za ki sa salularki ba? Mariama matar Oumarou ce ta fara, ta ce mijinta yana kan hanya tana jiran kiransa. Daga ita sai ƙanwarta, sai mai gadin kantin kusurwa, sai Buba tela, wanda har dutsen guga ya ɗauko, da ƙyar na tare shi a zaure. Na yi wa Inna magana, na ce wannan abu ba rijiya ba ne, yana ƙarewa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ramukan da ke jikinsa ai ba don ado aka yi su ba, kuma ita ba za ta tsufa da sunan mai rowar wuta ba. Kai da kake ganin abin da sauƙi, da ka zo ka ba ta amsa.

Ranar suna an ɗauke wuta tun jajibiri. Duk da haka Inna ta tashi da asuba ta sa aka yanka rago, don ta ce ba za a yi sunan jikarta a ƙasar wasu kaɗai ba. Ta sa lalle tun kwana biyu kafin nan. Ta ciro leshin nan shuɗi da ka aiko mata, wanda ta ƙi sawa ko da salla, ta ce sai ranar da za ta gan ka da ɗa a hannu. Gida ya cika da mata, dangi daga Yantala da Gamkalle da ƴan unguwa, kowace da salularta a mace tun daren jiya. Ni ina bayan gida kan tukwane da hayaƙi a ido. Na ja kunne, na rufe na'urar da zane, na sa kujera a gabanta. Amma baƙuwar da ta zo taya ki murnar jika, ta kawo sabulu da turmin atamfa, in ta ce Inna a taimaka mini da wuta, me Inna za ta ce? Da na leƙo sai na tarar an jona wata doguwar igiya mai ramuka, saluloli jere a tabarma kamar ana shanyar kuɓewa. Daga baya Gwaggo Hafsa ta fara haki saboda zafi, idonta ya juye, aka jona mata fanka. Wannan kam ko ni ce a wurin ba zan hana ba.

Bayan azahar, lokacin da gari ya waye muku, muka zaunar da Inna a tsakiya, na riƙe mata salula. Fuskarka ta fito, mun ga liman zaune, mun ga gefen farin zanen da aka naɗe jaririya. Inna ta gyara ɗankwali, ta matso har hancinta na taɓa gilashi. Sai na'urar ta ja wani dogon kuka ta yi shiru, fitilun akwatin wifi suka mutu, kai kuma ka daskare da baki buɗe. Na juya ga rezon salula, wato layin kamfanin waya, amma ka san yadda yake in wuta ta daɗe babu, sai juyawa yake kawai. Na fita titi da leshina ina ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa, har bakin kwalta na kai, ban samu komai ba. Da na dawo Inna tana zaune inda na bar ta, ba ta motsa ba. Ta ce wa mata a ci abinci kada ya huce. Ita ba ta ci ba, kuma ba ta cire leshin ba har aka yi la'asar, wai ko za ka sake fitowa. Wannan ita ce matar da ka ce ba ta ɗauki haihuwarka a bakin komai ba.

Ban tsaya jiran shawararka ba a wannan karon. Na shiga Babbar Kasuwa wajen masu kayan wuta, na ce ina son ƙaramin batirin akwatin wifi, wanda ba ya kuka, kuma wanda babu inda za a sa salula a jikinsa. Mai shagon ya yi ta dariya, ya ce tun da ya buɗe shago kowa mai ramuka da yawa yake nema, ni ce ta farko da ta zo neman marar rami. Ya tambayi irin akwatinmu, na nuna masa hoton rubutun da ke bayansa, ya ɗauko wanda ƙarfinsa ya dace, ɗan mitsitsi, bai fi kwalin sukari ba. Shi ma da rami ɗaya na salula a gefe. Na sa ya toshe shi da gam a gabana, ya bushe ƙam. Na kawo gida na ɗora shi kan kabad tare da akwatin. Jiya an ɗauke wuta tun hantsi har bayan la'asar, fitilun nan ba su ko ƙifta ba. Mariama ta shigo da salularta, Inna ta juya abin a hannu ta duba ko'ina, ta ce mata wallahi wannan ba shi da baki, kuma ta faɗi haka da zuciya ɗaya, ba ta yi ƙarya ba, ba ta yi rowa ba. Ƙaton naka kuma na mayar da shi zaure, ya zama na unguwa, kowa ya sha, har da Buba in ban da dutsen gugarsa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Har yau Inna ba ta san sunan jikarta ba. Duk gidan nan mun sani, Zulaiha ta rubuto mini tun ranar, amma Inna ta hana kowa ya faɗa mata. Ta ce ɗanta ne ya haifa, daga bakinsa za ta ji. Rahama ta kusa suɓutar baki sau ɗaya, na harare ta. Kullum in ta idar da salla sai ta tambaye ni ko fitilar akwatin tana ci, in ce tana ci, ta ce to. Kai kuma kana can kana fushi da mu.

Ka gaishe mini da Zulaiha, ka ce mata ta daure da kunun kanwa ko da babu mai dama mata kamar na gida. Ka gai da surukanka, ka ba su haƙuri a madadinmu in har sun ji zafi. Amadou da yara suna gaishe ku, Gwaggo Hafsa ma ta warware, tana gaisuwa.

Ranar da takardar nan ta shiga hannunka ka kira, ko da wuta ko babu. Na san kunya ba za ta bar ka ka furta sunan a gabanta ba, yadda ni ma hannuna ya ƙi rubuta shi a nan. Ka ɗaga mata jaririyar kawai ka ce Inna ga takwararki. Leshin yana nan a ninke kan gadonta, ba ta mayar da shi akwati ba.

Wassalam. Yayarka da ke fushi da kai, kuma take kewarka,
Hadiyya