Sunan da Ba Mai Iya Faɗa a Gidanmu

Zuwa ga Babban Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka daga ruwan Fatakwal da ba ya gajiya, ya sa albarka a cinikin albasa. Mu nan Boɗinga lafiya lau. Malam mahaifinka yana nan da ɗalibansa da ciwon gwiwarsa, gero kuma ya yi kyau bana. Na zaɓi rubutu ne domin a waya kai mai gaggawa ne, maganar nan kuwa zama take so.

Maganar angona ce, wato ɗanka. Ka san ya wuce shekara biyu bai ce uffan ba, ba ya kallon idon mutum, ba ya shiga cikin yara. Aikinsa jera albasa a gindin bango, daga babba zuwa ƙarama, wanda ya taɓa ɗaya kuwa sai unguwa ta ji. Na ga angwaye masu shan ƙamshi, amma ban taɓa ganin wanda ko ɗaga ido bai yi wa amarya ba sai nawa. Da baki ina tsokanarsa, a zuci kuwa tsoro nake ji kada yaron nan ya girma a tsakiyarmu kamar baƙo. Shi ya sa ni da matarka Mufida muka kai shi asibiti a Sakkwato.

Likitar yara ta gwada kunnensa ta ce garau yake, sannan ta tambaya ko yana waiwayowa in an kira sunansa. Ni da Mufida muka dubi juna. Ta ce to mene ne sunan, sai Mufida ta sunkuyar da kai, ni kuma na shiga gyaran mayafin da ba abin da ya same shi. Kai ka jawo mana, da ka sa masa sunan Malam. Ni sunan mijina ne, ita sunan surukinta ne, ga shi kuma ɗan farinta, ka kuwa san kunyar mutanensu na Lambara. Da ƙyar na ce wa likita sunan mijin Nana Faɗima ne, ta gane, ta yi dariya har da share hawaye.

Bayan ta daɗe tana wasa da shi, ta ce abin da ake kira otizim ne. Ta ja mana kunne cewa ba aljanu ba ne, ba laifin kowa ba ne, ba kuma kunyarmu ce ta jawo ba, haka Allah ya halicce shi. Amma ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A zaɓi suna ɗaya kowa ya riƙe, uwarsa ta riƙa zama a ƙasa fuska da fuska da shi, ta shiga wasan da yake so, ta kira shi, ta jira, in ya dube ta ta nuna murna, mu kuma riƙa komawa ana duba shi. Mufida, wadda ko ɗaukarsa ba ta yi a gaban mutane, ta tambaya ko babu allura a madadin wannan.

A gida aka yi ta gardamar suna. Ƙanwarka Safinatu ta ce Baffa, ɗalibai suka ce Ƙaramin Malam, ni na tsaya a kan Ango. Malam ya saurare mu, ya ce shi dai rago guda ya san an yanka, da suna guda, kuma kunyar da za ta hana yaro sanin uwarsa bai gan ta a littafi ba. Maganar ta mutu, aka tsaya a kan sunan yanka.

Ranar farko Mufida ta rufe ƙofa ta kira sunan da raɗa, ko sauro bai ji ba. Da ta daure ta ɗaga murya, sai Malam ya amsa na'am daga zaure, ya shigo yana ɗingishi yana tambayar wa ke nemansa. Ba mu sake ganin fuskarta ba sai la'asar. Ana haka mahaifiyarta ta zo daga Lambara, ta tarar da 'yarta rub da ciki a tabarma tana jera albasa tana ƙwala kiran sunan surukinta. Matar nan ta saki salati, ta ja ni gefe ta tambaye ni a cikin su biyun wa aka kai asibiti.

Makonni suka shuɗe yaro bai kula ta ba, ita kuma ba ta fasa ba. Ranar Juma'ar da ta wuce ina tankaɗe a tsakar gida, ta ɗaga albasa kusa da fuskarta ta kira shi. Ya ɗago kai ya dube ta cikin ido, ya karɓa, sannan ya ɗauki 'yar ƙarama daga layinsa, wanda ba a taɓawa, ya sa mata a tafin hannu. Mufida ta rungume shi tana kuka a gaban kowa, har da Malam, ba wanda ya tuna da kunya. Har yanzu bai yi magana ba, likita ta ce tafiyar da nisa, amma sannu ba ta hana zuwa.

Saura kai. Ka riƙa kiran waya ta bidiyo ya ga fuskarka, ka kuma bar ce masa “mutumin”. Ka kira shi Aliyu. Ka ga na rubuta, rufin ɗaki bai faɗo mini ba.

Malam yana sa maka albarka, Mufida da Safinatu suna gaishe ka, ka gaida maƙwabcinka Ahmad. Kai ma ɗan fari ne, shekara talatin ina ce maka Babban Yaya kana amsawa. Da na ga yadda yaron nan ya dubi uwarsa, sai na ji kwaɗayi. Allah ya yi maka albarka, Isa.

Mahaifiyarka,
Atika