Sunan da Ban Faɗa Ba

Litinin, 2 ga Maris, 1857

Jirgin da maigidana yake ciki ya iso Bahia daga Ikko. Daga saman gangaren Praça, dandalin gari, na hango jirgin, fari tas a kan ruwa. Na dafa masa wake da manja, na turara rigarsa. An sauke goro, an sauke sabulu, an sauke Turawa. Shi ba a sauke shi ba.

Talata, 3 ga Maris

Baba Idirisu, wanda ya riƙe shi kamar ɗa tun da aka kawo su cikin jirgi ɗaya, ya zo da bayani. Wai tsohuwar doka ce: haifaffen Afirka da ya fanshi kansa, in ya fita ƙasar nan ba ya sake shigowa. A da ana kau da kai, bana sun farka. Tsagar Gobir da ke kumatunsa suka duba kawai.

Inna ta yi irin dariyar nan da ba na so. Ta ce, "Da suka kawo mu a ɗaure, ta bayan gari suka sauke mu, wa ya tambayi takarda? Yau mutum ya zo da ƙafarsa, an ce ƙofa a rufe."

Alhamis, 5 ga Maris

Akwai hanya. In matarsa haifaffiyar Bahia ta je ofishin bakin ruwa ta shaida cewa gidansa a nan yake, mai yiwuwa su bar shi. Ni ke nan. A labarin soyayyar da nake bi a jarida, matar ta faɗi gaban alƙali har shi ma ya yi hawaye. Na yini ina gwada jawabina da yaren Fotugis a gaban madubi. Ya yi kyau wallahi.

Jumma'a, 6 ga Maris

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Ma'aikacin bai ko ɗago kai ba. Inna a damana, Baba Idirisu a haguna. Ya ce, "Ke ce matar?" Na ce ni ce. "Sunan mijinki?"

Na ce, "Maigidana ne."

"Na ji. Sunansa."

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa faɗarsa ba, ko wanda Turawa suka laƙaba masa. Mace ta kama sunan miji, a gaban uwarta, a gaban ubansa? Duk jawabin da na shirya babu wannan a ciki. Baba Idirisu ya faɗa, mutumin ya ce, "Ba kai na tambaya ba, tsoho." Inna ta mintsine ni. "Faɗi mana, 'yar nan, yau ba ranar kunya ba ce!" Innar da ta raine ni a kan kada in faɗa.

Na buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Mutumin ya juya wajen abokinsa yana dariya: "Sun yi hayar mata, sun manta su koya mata sunan." Aka kira na gaba.

Asabar, 7 ga Maris

Na koma ni kaɗai. Mai gadi ya gane ni, ya hana ni shiga.

Talata, 10 ga Maris

Kullum ina tsayawa a saman gangare. Akwai wani mai farar riga a jikin ƙarfen jirgin, ba ya motsi. Ina kaɗa mayafina. Ban sani ba ko shi ne.

Mai kwalekwalen da ke kai masa abinci ya dawo da akushi da farin goro a ciki. Wai a gaya wa Lantana, wato ni, bai ji haushi ba, 'yar mutunci ya aura. Da ma zagina ya aiko.

Asabar, 14 ga Maris

Na fito da hantsi, wurin da jirgin yake ruwa ne kawai.

Laraba, 18 ga Maris

Da rana tsaka nake jin takunsa a matakala, ƙafar hagun nan da yake ɗan ja. In na buɗe, ba kowa. Rigar tana rataye, ƙamshin turaren bai fita ba. Ba na juya mata baya.

Lahadi, 29 ga Maris

Na ba Inna jaridun ta naɗe ƙosai da su. Ban karanta ƙarshen labarin ba, ban kuma damu ba. Na bi ta bakin ruwa na tambayi yaushe wani jirgin zai tashi zuwa Ikko. Tambaya ce kawai. Inna ba za ta iya bina ta dawo ba, na sani.

Zubairu.

Zubairu. Alƙalamin nake gwadawa, sabo ne.