Ai Idonki Garau

Mama,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba, ya sanyin Leribe?

Karatu lafiya. Tau ma lafiya, karen nan da ke ankarar da ni kafin farfaɗiya ta kayar da ni. Direbobin Pretoria ne suka ishe ni! Jiya wani ya tare ƙofar mota: "'Yar'uwa, ai idonki garau. Karen makafi kaɗai muke ɗauka, naki zai ciji mutane." Na nuna takardar likita, wai takarda ce za ta hana cizo?

Muka taka a ƙasa. A hanya Tau ya ja siket ɗina, kafin in zauna abin ya zo. Gwiwa kawai na ƙuje, kada Baba ya ji.

Don Allah ki daina cewa in riƙa barinsa a ɗaki. Da na farfaɗo, mutane cirko-cirko suna kallo, shi kaɗai ne a jikina.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Mamello