Wayar ƙarfe a murfin faifai

Laraba da dare, Daura

Yau na'urar neman zinare ta Sani ta dawo gida, shi bai dawo ba. Wani direba daga Kongolam ya kawo ta bayan la'asar. Daga zaure ya ce, "Maigidanki ya ce a ajiye masa, yana nan tafe." Ko ruwa bai tsaya sha ba.

Sai da na kwantar da ita a tabarma na lura da murfin faifanta, faifan nan na ƙasa da ake shafa ƙasa da shi. Tun kafin ya tafi hamada murfin nan yake faɗuwa. Na taɓa ɗaure shi da wayar ƙarfe, Sani ya yi ta mini dariya, wai ƙarfe a jikin faifai zai sa na'ura kuka ko babu komai a ƙasa. Ya yanko robar tayar babur ya ɗaure, ni na riƙe masa.

Yanzu babu robar. Da wayar ƙarfe aka murɗe shi tam.

Na kira lambar Sani har na gaji, a kashe take. Inna mahaifiyarsa ta tambaya, na ce lafiya lau yake. Ya Allah, Sani ba zai yi wannan ɗaurin ba. To hannun wa ta biyo?